Tarkacen Injiniya

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne. Teloli suna kiransa Injiniya, ni kuma Yaya nake ce masa, sai ranar da ya ɓata min rai in kira shi Sarkin Tarkace. Bai taɓa jin zafin sunan ba, don ko shi ya san ban yi masa ƙarya ba. Duk wanda ya leƙa shagonsa karon farko sai ya ja da baya ya sake duba ƙofa, ko ɓatan kai ya yi ya faɗo wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Kawunan kekuna ne ko'ina, a ƙasa, a kan kanta, a ƙarƙashin teburin aiki. Wasu masu su sun manta da su, wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma shi ya sayo su don kawai ya ciri noti ɗaya a jiki. Ga gwangwanayen madara cike da notuna, ga bel rataye a ƙusa, ga tsummokaran da suka sha mai har ba a gane launinsu na asali. Daga ƙofa zuwa kujerarsa 'yar siririyar hanya ce guda, mai jiki irina sai ta bi ta a karkace.

To amma ka ce masa kana neman wani ɗan ƙarfe na keken da aka daina yin irinsa tun muna yara. Ba zai ko ɗago kai ba. Hannu kawai zai miƙa baya, ya lalubo gwangwani, ya zazzage a tafinsa, ya miƙo maka. Ni tela ce, na kai masa kekena ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa ganin ya tashi tsaye yana neman abu ba.

Sana'ar daga keken mahaifiyarmu ta faro. Yana ɗan makaranta, wata rana ta fita unguwa, ya zauna ya kwance shi kaf ya baje a tsakar ɗaki, wai yana so ya ga abin da ke sa allura hawa da sauka. Ta dawo ta tarar da hanyar abincinmu a warwatse, ta ɗora hannu a ka. Ya sha duka, ya share hawaye, ya zauna ya mayar da komai. Ƙarfe ɗaya ya rage a hannunsa wanda ya rasa mazauninsa, keken kuma ya ci gaba da ɗinki lafiya ƙalau har ta tsufa. Tun daga nan ya yanke cewa babu ƙarfen da ake yarwa, wata rana za a gano inda yake shiga. Ya girma, ya yi koyo a wurin wani dattijo, ya buɗe nasa shagon a bakin titi jikin kantin magani, bai sake matsawa daga nan ba.

Ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya zuwa ko'ina. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ce masa keke ya mutu. In tela ya kawo masa wanda kowa ya yanke wa ƙauna, sai ya shafa shi ya ce, "Bai mutu ba, fushi yake yi da kai." Ya zauna ya yi ta lallashinsa har ya tashi. A kan wannan kujerar ya ciyar da iyali, ya sa yara a makaranta. Ni ma da na rasa mijina shi ya riƙe ni da marayuna har na tsaya da ƙafata, kuma bai taɓa ambaton hakan ba, ko da wasa.

Sai Allah, da yake mai hikima ne, ya haɗa shi da Anti. Haka nake kiran matarsa tun ina budurwa. Anti mace ce da in ka ajiye cokali a karkace sai ta dawo ta miƙar da shi. Kullum da rana ita take kai masa abinci shago da kanta, kuma kullum daga bakin ƙofa take fara mita, ba ta gamawa sai ta kai kujera. "Malam, wannan abin da ke nan fa? Malam, wancan ai jiya ka ce za ka ɗauke." Shi kuma ya ce, "To, gobe." A kan wannan goben suka haifi 'ya'ya suka aurar. Babban ɗansu uwarsa ya ɗauko sak, tun yana ƙarami yake jera takalman baƙi a bakin ƙofa, shi ya sa muke ce masa Akawu. Sunan kuwa ya bi shi, don yanzu a wani babban ofis yake aiki a gari mai nisa, kuma har yau in ya zo gidana sai ya gyara min zaman labule kafin ya gaishe ni.

Hawan jini ne ya kayar da Yaya wata safiya a cikin shagon. Mai kantin magani ya ji ƙarar zubewar gwangwanaye, ya leƙo, ya garzaya da shi asibiti. Jikin ya dawo da sauri, har likitoci suna yaba masa. Hannu ya kama, ƙafa ta taka, baki ya buɗe. Kan ne bai dawo duka ba. Ya san ni, ya san Anti, yana iya ba ka labarin malamin da ya koya masa lissafi a firamare. Amma sabon abu ba ya zama. Ya sha shayi, a ɗauke kofi, ya tambaya yau ba za a ba shi shayi ba ne. Ka gaya masa magana yanzu, ka je ka wanke hannu ka dawo, ta tafi. Akawu kuwa, da yake ya daɗe ba ya gari kuma ya ajiye gemu, wata rana ya gane shi, wata rana ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Malam, keke ka kawo?"

Ranar da ya fi tayar mana da hankali, fita ya yi ba wanda ya gani, wai zai tafi shago, ta hanyar da yake bi tun yana saurayi. Wani direba ne ya same shi tsaye a tsakiyar mararraba, motoci na ta yi masa hon, ya rasa gabas ya rasa yamma. Da aka dawo da shi gida ya zauna a bakin gado yana kallon hannuwansa.

A ranar Akawu ya yanke shawara. Zai kwashe iyayensa su koma wurinsa, a rufe shago a mayar wa mai shi makulli. Ban ga laifinsa ba, ɗa ne, tsoro yake ji. Amma na san gidan nasa, can sama ne a bene, ba maƙwabcin da ya san wani, wuni za ka yi ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Da aka yi wa Yaya bayani ya fahimta, sai ya kama hannuna ya ce, "Ƙanwata, in aka kai ni can, me zan riƙa yi da hannun nan?" Na fita waje na yi kuka, kukan da ban yi ba ko ranar da ya faɗi. Abin takaicin, an jima kaɗan ya manta an yi maganar, sai an sake gaya masa, ya sake jin zafinta sabo fil.

Likita ne ya ce kafin a yi gaggawa a gwada wani sashe a asibitin, inda ake yi wa masu irin lalurarsa atisayen ƙwaƙwalwa. Akawu ya yarda, amma da sharaɗi. Zuwa babban hutunsa na gaba, in Baba ya iya tafiya shago shi kaɗai, ya kuma iya shan maganinsa ba tare da an tsaya a kansa ba, a bar shi a gidansa. In bai iya ba, ba sauran magana.

Ɗakin atisayen ba komai a ciki sai kujera, tebur, kwamfuta, da wani babban allo irin na talabijin a bango. Mai kula da wurin wata matashiya ce mai fara'a, ba ta gaggawa, in tana magana da Yaya fuskarsa take kallo, ba tamu ba. Wannan kaɗai ya sa ta shiga raina. Ta ɗauko wani ƙaton tabarau, kamar ƙaramin akwati mai maɗauri, ta ce in an ɗaura wa mutum shi zai ga kansa a wani wuri daban, ya waiga dama ya waiga hagu, ya yi tafiya, ya miƙa hannu ya ɗauki abu, duk yana cikin ɗakin nan. Abin da yake gani kuma mu ma za mu gani a allon bango. Yaya ya karɓa yana jujjuyawa, yana neman inda notunansa suke. Ya raɗa mata suna 'Yar Tabarau. Duk zuwan da muka yi sai ya sake raɗa mata suna sabo, kuma kullum sunan ɗaya ne.

"Ba magani ba ne, Baba," in ji ta. "Atisaye ne. Wasu yana taimaka musu sosai, wasu kaɗan, ba zan yi muku alkawarin abin da ban sani ba. Amma mutum ya fi saurin kama abu a wurin da ya saba da shi. Don haka shagonka nake so mu gina a ciki, da hanyar da kake bi."

Ta ce a ɗauko mata hotuna da bidiyon shagon ta kowace kusurwa, da na titin tun daga ƙofar gida. Akawu ya ce wannan aikinsa ne.

To a nan ne garin neman gira aka kusa rasa ido. Ni ina can ina fama da ɗinkin mutane, ban san abin da ake ciki ba. Akawu ya je ya tsaya a ƙofar shagon da wayarsa, ya duba, ya ce ina, ba zai kai wa mutanen asibiti hoton wannan juji a ce nan ubansa yake aiki ba. Mu dama haka muke a danginmu, in za a yi baƙo ko za a ɗauki hoto, sai an share har bayan ƙofa. Ya samo masu ɗaukar kaya, Anti ta ja tsintsiya, suka yi wa shagon tas. Kawunan kekuna aka loda a kwalaye aka kai ɗakin ajiya na gida, aka yi fenti, aka kafa sabuwar kanta aka jera sifana da filaya da sukudireba daga babba zuwa ƙarami. Anti ta zo tana ba ni labari bakinta har kunne. "Yau dai burina ya cika," in ji ta. "In ya warke ya koma, sai ya yi aiki kamar mutum."

Da aka fara atisaye, ɓangaren hanya ya ɗan yi kyau. Yaya ya ga titinsu a cikin tabarau, da kibiyoyi masu haske a ƙasa suna nuna masa inda zai bi. Ya gane famfon unguwa, ya gane shagon mai aski, har ya ɗaga wa kantin magani hannu. Amma da zarar ya kai ƙofar shagonsa sai ya tsaya ya yi sallama.

"Mai wurin ba ya nan ne?" ya tambaya.

"Kai ne mai wurin, Baba. Shiga ka zauna."

Ya shiga ya zauna a ɗofane, ya haɗa hannuwa a cinya kamar wanda ya je gaida surukai. 'Yar Tabarau ta ce ya ɗauko sukudireba, ya duba jerin da ke kan kanta ya rasa wadda zai taɓa. Ta nuna masa inda aka ajiye kwalbar magani ta ce ya riƙe a ransa, an jima ta tambaye shi, ya ce shi bai ga wata kwalba ba. Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Muna zaune muna kallon shagon a allo fes-fes, ba wanda ya kawo a ransa cewa tsaftar ce matsalar, duk mun ɗora wa ciwon. Yaya ya fara cewa tabarau ɗin na sa masa ciwon kai. Wata rana ya cire shi da kansa ya ajiye ya ce, "Ku daina kai ni shagon mutane, kada wani abu ya ɓata a ce ni ne." Akawu yana bugo waya yana tambaya, Anti tana ce masa da sauƙi, ni kuwa na san lokaci ne kawai yake tafiya.

'Yar Tabarau ce ta gano. Wani zuwa da Akawu ya yi na ƙarshen mako, ta ce mu tsaya bayan an gama, aka fita da Yaya shan iska. Ta ce tabarau ɗin yana da 'yan kyamarori da ke bin motsin hannun mutum, kwamfuta kuma tana ajiye duk inda hannun ya je. Ta kunna allo. Sai ga shagon nan da wasu jajayen layuka a cikinsa, kowane layi tafiyar hannun Yaya ce. Layukan ba kan kanta suke zuwa ba, inda aka jera kayan aiki. Yawancinsu baya suke yi ta hagu, can ƙasa kusa da ƙafar kujera, su tsaya a iska. Wasu kuma su yi sama ta dama, inda babu komai sai farin bango.

"Da farko na ɗauka rikicewa ce," ta ce. "Amma mai rikicewa ba ya komawa wuri ɗaya kullum. Duk sanda na ce masa keke ya yi tauri, nan hannunsa yake zuwa kafin ya janye. Don Allah, me ke wurin nan a da?"

 Akawu ya sunkuyar da kai yana gyara zaman agogonsa. Sai Anti ta ce, da muryar nan tata ta bakin ƙofar shago, "Gwangwanin man keke ne mana! Wanda murfinsa ya ɓata, yake ɗiga yana ɓata masa ƙafar wando. Bakina har ya gaji a kan gwangwanin nan."

"Can sama fa, Mama?"

"Ƙusa ce, ya rataye bel da wani almakashin da ba ya yanka komai."

Yarinyar ta dubi Akawu, ba da faɗa ba. "Yallaɓai, an gyara shagon kafin a ɗauki hoton?"

"An ɗan share," in ji shi.

Na ce, "An ɗan share? Ɗan nan, ai ko ɗakin tiyata bai kai shi ba."

Yarinyar ta yi murmushi, sannan ta yi mana bayani. Ta ce wanda ya yi rayuwarsa a wuri ɗaya, hannunsa ma yana riƙe da nasa rabon na sanin wurin, kuma da alama wannan rabon ciwon bai taɓa shi ba. Mun ɗauke masa abin da ya rage masa, muka ba shi sabon wuri ya haddace, alhali sabon abu ne ya kasa riƙewa. Akawu ya tashi ya fita. Da na bi shi na same shi jingine da bango, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Gwaggo, ni fa kunya na ji masa," ya ce. Na ce na sani, share idonka mu koma, ba a gama ba.

Matsalar ita ce babu hoton tsohon shagon ko ɗaya, wa zai ɓata wayarsa da hoton tarkace? 'Yar Tabarau ta zaunar da Anti kusa da kwamfuta ta ce ta faɗo mata komai da inda yake. Anti ta fara, ta ambaci 'yan abubuwa, ta tsaya. Wai ita ba ta iya tunawa haka kawai a zaune, sai ta gani. Sai yarinyar ta miƙe ta ɗauko tabarau. "Mama, sa wannan. Ga jakata ki riƙe, ki ɗauka kwanon abinci ne. Rana ta yi, kin zo shago, Baba yana can kan kujera. Shigo yadda kika saba."

Anti ta ce ita ba za a mai da ita abin dariya da tsufanta ba. Muka lallaɓa ta ta sa. Ta tsaya a ƙofar shagon na cikin tabarau. Sai muka ga ta ɗaga ƙafa ta tsallake abin da babu shi.

"Malam, wannan baƙin kan keken da ke bakin ƙofa, sai ya karya ni hankalinka zai kwanta?"

Shi ke nan, baki ya buɗe. Ta karkace ta bi siririyar hanyar da ba mai ganinta sai ita, tana nuna dama tana nuna hagu. Ga kwalin da ɓera ya ci gindinsa. Ga fedar nan jingine da bango tun tana da cikin Akawu. Ga rediyon da ba ya kama komai sai shuu. Ga gwangwani mai jan murfi, na notunan da ba su da abokan zama, a kan mai shuɗi yake, ba a ƙarƙashinsa ba. 'Yar Tabarau na bin hannunta a allo tana sa alama, ni ina riƙe da ciki don dariya, Akawu na tsaye baki buɗe. Da ta kai kujera ta miƙa jakar ta ce, "Ga abincinka, kuma ka wanke hannu." Sai muryarta ta karye. Ta cire tabarau ta zauna, ba wanda ya ƙara dariya.

Sauran aikin ya ɗauki lokaci. Aka fito da kwalaye daga ɗakin ajiya, aka ɗauki hoton kowane ƙarfe, yarinyar da abokan aikinta suka riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya inda Anti ta nuna. Inda ta yi shakka, jajayen layukan hannun Yaya suka raba gardama. Ni ma na ba da tawa gudummawar, don na san inda yake cusa allurai, a aljihun wata rigar ruwa da ke rataye bayan ƙofa.

Ranar da aka sa masa tabarau da shagon ya koma yadda yake, na kasa zama. Ya bi titi, ya kai ƙofa. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake baƙin kan keke, ya karkace, ya zauna ya baje sosai har kujerar asibitin ta yi ƙara. 'Yar Tabarau ta ce a hankali, "Baba, keken nan ya yi tauri." Hannu ya tafi baya ta hagu ya dawo da gwangwanin mai. Ya ɗan duba kewaye, ya tsuke fuska.

"Wa ya taɓa min filaya? Ba nan take zama ba."

Anti ta toshe baki da mayafi. Ta kuskure wurin filaya, kuma ban taɓa ganin mutum ya yi murna da kuskurensa irin haka ba.

Kada in yi muku ƙarya, ba warkewa ya yi ba. Amma yanzu an sami inda za a rataya masa sabon abu. Yarinyar ta ajiye kwalbar maganinsa a jikin gwangwanin mai, ta yadda duk sanda hannu ya je sai ya ci karo da ita. Tun yana mamakinta har ya fara cewa, "Af, magani." Ta sa hotunan mutane suna shigowa ƙofa kamar masu kawo gyara, ya riƙa faɗin ko su waye. A titi kuma ta riƙa rage kibiyoyin nan kaɗan-kaɗan, yau ta cire ta wajen famfo, wani makon ta wajen mai aski, har aka wayi gari babu ko ɗaya, bai ma lura ba. Akwai ranakun da komai yake zubewa, ya dawo gida a gajiye yana tambayar ina mahaifiyarmu ta tafi. Irin waɗannan ranakun Anti ba ta iya cin abinci. Sai kuma washegari ya tashi garau ya ce, yau ba za mu je wurin 'Yar Tabarau ba ne? Ranar da ya fara ambaton sunan tun kafin ya gan ta, na yi wa Allah godiya a fili.

Shagon gaske kuwa Akawu ne ya hargitsa shi da hannunsa. Ya zo wani ƙarshen mako, ya tuɓe rigar ofis, ya riƙe waya mai hoton shagon cikin tabarau, yana dubawa yana watsa kaya. Ina tsaye ina kallo yana ajiye kwali a karkace, hannunsa na ƙaiƙayin ya miƙar da shi, uwarsa tana ce masa, "A'a, ƙara karkata shi." Mai kantin magani ya leƙo ya ce shi dai bai taɓa ganin inda aka ɗauko mota aka dawo da shara ba. Sabon fentin ne kawai ba yadda za a yi da shi. Da aka fara raka Yaya wurin, ya dubi bangon ya ce wa ya yi wannan aikin? Anti ta ce, ɗanka ne, ya share maka shago ya yi fenti lokacin kana kwance. Ya ce, "Uhm." Ya jawo wani keke ya fara kwancewa.

Hutun Akawu ya zo. Ya iso da mota, kuma da yake shi ne, tun da safe ya sa aka haɗa jakunkunan iyayensa aka sa a bayanta, wai ba a fafe gora ranar tafiya. Na ji kamar in make shi, amma na haɗiye. Maganar magani an wuce ta, Anti ta shaida yana sha da kansa. Saura hanya. Aka ce wa Yaya ya tafi shago, za mu zo daga baya. Ya sa hula ya fita. Muka ba shi rata, ni da Akawu muka bi shi a ƙafa, muna raɓewa jikin motocin da aka ajiye kamar marasa gaskiya.

Ya wuce famfo. Ya wuce mai aski, har suka gaisa. Ya kai mararrabar nan, ya tsaya, ya duba dama da hagu, ya bar motoci suka wuce, ya tsallaka. Na matse hannun Akawu. Daga nan miƙewa kawai zai yi, ga allon kantin magani ana hangowa. Sai ya rage tafiya. Ya tsaya, ya karkata kai. Ya juya ya shiga wani lungu ta dama, lungun da ba ya cikin tabarau, ba ya kan hanyar shago.

Akawu ya sauke ajiyar zuciya. "Gwaggo, kin gani ko," ya ce a hankali, ba da murna ba.  Muka bi lungun da sauri.

Ba mu yi nisa ba muka same shi. Ashe wani sabon tela ne ya buɗe shago a lungun, ko allo bai kafa ba. Yaya na tsugune a gaban kekensa, ya kwantar da kan keken baya yana leƙa ƙarƙashinsa. Telan na tsaye a gefe riƙe da rigar da bai gama ba.

"Wallahi ban kira shi ba," in ji telan da ya gan mu. "Ina cikin ɗinki kawai ya shigo ya ce in tashi."

"Tun daga titi nake jin yana ƙwanƙwasa," Yaya ya ce, bai waigo ba. "In ka ci gaba da taka shi a haka, kafin yamma ka karya allura ka ɓata rigar mutane." Ya shafa aljihu. "Ba kayan aiki a jikina. Bari in je shagona in ɗauko. Ga shi nan kusa, in ka fita ka yi dama, jikin kantin magani."

Akawu ya matsa ya durƙusa kusa da shi. "Baba, ka gane ni?"

Yaya ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa, da gemun da komai.

"Kai ne ka share min shago," ya ce. "Tashi, tunda ka zo. Je ka ɗauko min ƙaramar sukudireba da gwangwanin mai. Kuma kada ka gyara komai."

Makonni ke nan da Anti ta faɗa masa maganar sharar shagon, ba wanda ya sake tayar da ita, kuma ta zauna a kansa. Akawu ya miƙe ya fita yana share fuska da hannun riga. Ni kuwa na zauna a bencin telan ina dariya ina hawaye, bawan Allah yana ta tambayata ko lafiya. Daga bakin lungu na jiyo muryar Akawu a waya.

"Mama, makullin mota yana kan tebur. Ki sa a fito da jakunkunan nan a mayar da su ɗaki."